Gurbi na Ukku a Kicin

Shafi na 23

To, ku da kunka hana ni shan hura da "Inna a ƙara, Inna a ƙara", ku gyara zama.

Mun tsaya ga ranar Laraba, ranar da mutumin gwamnati daga Gusau za shi zo makarantar kwanan nan ta ƙasar Bukkuyum da nic ce maku ba ni hwaɗin sunanta. Mata bakwai ka dahuwa a kicin, ukku za a ɗauka aikin gwamnati na dindindin. Sauran huɗu, da an yi hutu, kowa ta naɗe tabarmarta.

Gurbi biyu babu gardama, na tsohhin nan biyu na da sunka dahwa ma magina tun makarantar tana hili. Na ukku kuwa, ko awakin makarantar sun san na Hure na. Shekara goma sha ukku tana tuƙa tuwon 'yan mata ɗari huɗu, har hayaƙi ya cinye mata idon hagu. Amma Metiron, Hajiya Zulai, ita ka ba da sunaye, kuma tab ba da sunan Sahura, wadda taz zo wata takwas da sunka wuce anka miƙa mata makullin sito.

Da hantsi Hure tana bisa babbar tukunya tana zuba gari cikin talge, itace ɗanye shina ta yi mata kuka a murhu. Sai ga Luba, aminiyarta, wadda sunka yi shekara tara suna kama kunnen tukunya guda. Tad durƙusa awa mai iza wuta.

"Yaya Hure, kada ki dube ni. Ki ci gaba da aikinki."

"Da wane idon za ni dubanki? Hwaɗi."

"Kin san ƙanwar maigidana tana aure Anka."

"Wadda ka cin goro awa raƙumi. Na san ta."

"Jiya taz zo. Tag ga Sahura bakin tasha, tac ce, a'a, ɗiyar Zulai mi ta ka yi nan?"

Muciya tat tsaya hannun Hure.

"Wace Zulai?"

"Zulai nawa kinka sani mai haƙorin Makka? Auren hwari Anka tay yi shi. Mijin yam mutu yarinyar tana goye, dangin uba sunka amshe ta. Wallahi in kinka ce ni nih hwaɗi maki, ban san ki ba."

Hure taj juya ga tukunya. Tak kama tuƙi, tana danna muciya awa tuwon na yay yi mata laihi.

Wata takwas tana neman dalili. Sun yi latti, an rubuta su, Sahura ta yi latti, an ce ta sha hanya. Sun nemi izinin zuwa gaisuwar mutuwa, an ce wa za shi kwashe tuwo, Sahura tay yi kwana biyar wurin biki tad dawo da lalle har ga gwiwar hannu. Kuma lallen nan yay yi wata guda bai koɗe ba, don hannun bai taɓa ganin toka da soso ba. Hure har ta zargi ko asiri na. Ashe ba malami, ba boka, nono na.

Sai wani abu yah hwaɗo mata a rai. Tas saki muciya.

"Luba."

"Na'am."

"Wata takwas, kin taɓa jin Hajiya ta kira sunan yarinyar ga da bakinta?"

Luba tak kama lalube cikin kanta.

"Tana cewa ta sito."

"Sai mi?"

"Mai makulli. Ko ke waccan."

"Mu hwa?"

"Mu kam har da sunan ubanninmu, in ta yi hushi."

Hure tay yi wata 'yar dariya wadda ba daɗi cikinta. Ita ma tana da nata ɗan hwarin, shina can Gummi shina ɗinki, shekara talatin bakinta bai taɓa ɗaukar sunanai ba. In za a aza mata wuƙa ga wuya sai dai ta ce Mai-keke. Ta san nauyin abin. Kuma ta san dangin Hajiya Zulai, rabinsu Hulani na, kunyarsu ta hi ta kowa kauri.

Ba su rufe baki ba sai ga ƙarar takalmi, ƙwas ƙwas ƙwas. Hajiya Zulai tas shigo da leda a hannu, tana toshe hanci da bakin gyale awa yau taf fara jin warin kicin. Tah hiddo riguna ukku sabbi masu ruwan bula, irin waɗanda aka ɗaurawa ga gaba, tab ba tsohhin nan biyu, ta ukku tam miƙa bayanta ba ta ko waiwaya ba.

"Amshi, ke waccan. Zo ki tsaya ga wagga tukunya."

Sahura tat taho tana ɗage ƙahwa kada toka ta taɓa mata silihwa.

"Hure, ba ta muciya."

"Hajiya, tuwon bai nuna ba."

"Ban tambaye ki ba. Akwai tukwanen wake bakwai bayan kicin tun jiya, ki tahi ki kankare su. Kuma kada in ga ƙeyarki nan sai baƙo ya wuce."

"Jiya ba ni ad da wankin wake ba."

"Yau ke ta."

Hure tad dube ta da idon nan guda. Tam miƙa muciya, taɗ ɗauki soso da toka tah hita.

Bayan kicin, gindin bedi, taz zauna. Ko tukunya guda ba ta taɓa ba. Tana jin motar baƙo tat tsaya, tana jin Hajiya ta sauya murya ta koma 'yar siririya, "Sannu da zuwa, Yallaɓai, an sha hanya, Yallaɓai." Zuciyarta tana tahwasa har kunnuwanta na zahi. Shekara goma sha ukku, an ɓoye ta bayan ɗaki awa tsumman da ba a son baƙo shi gani.

Tam miƙe. Toka na hannunta, tas shiga.

Malam Gwadabe sunan baƙon. Ɗan siriri na, da tabarau da jaka, shina magana irin ta rediyo. An aje mai teburi da kujera bakin ƙohwa inda hayaƙi bai kai ba. Matan suna jere. Sahura tana riƙe da muciya da yatsa ukku awa mai riƙon allura.

"Salamu alaikum," in ji Hure.

Hajiya Zulai taj juyo. "Mi nic ce maki?"

"Kin ce kada ki ga ƙeyata. Gaba nit taho."

Wata cikin matan tat toshe baki da zane. Malam Gwadabe yaɗ ɗaga kai.

"Baba, ke ma ma'aikaciya ce a nan?"

"A'a, Yallaɓai, yawon buɗe ido niz zo. Shekara goma sha ukku ban gama ba."

"Ba ta da lahiya, Yallaɓai," in ji Hajiya da sauri. "Tsuhwa ya hwara taɓa ta. Ga ido kuma ka gani."

"Idon nan cikin wagga tukunya yah hwaɗa, Hajiya. In an kwashe tuwo a duba ƙasa."

"Hure!"

"Na'am, ina ji. Kunne dai da saura."

Malam Gwadabe yab buɗe takarda yad duba. "Ban ga suna Hure a nan ba."

"Ba za ka gani ba. Ga wadda anka sa madadina. Yallaɓai, alhwarma guda ni ka roƙo. Tunda mai dahuwa ta, ta tuƙa muna wanga tuwo ka gani."

Kowa yaj juya ga Sahura. Yarinyar tad dubi Hajiya, Hajiya tad dubi rufin kwano. Sahura tak kama muciya da hannu biyu taj ja. Tuwon 'yan mata ɗari huɗu ba kunun jinjiri ba na. Muciya taƙ ƙi motsi. Tas sake ja har ɗankwalinta yaz zame, tuwo yay yi tsartuwa yad ɗige mata ga hannu, tak kwarma ihu tas saki. Muciya tat tsaya cak tsakiyar tukunya ita kaɗai.

Ƙauri yat taso. Ba wadda tam motsa.

"Ƙasan shina kamawa," in ji Hure. "In ceto shi, ko in koma ga tukwanen wake?"

Ba ta jira izini ba. Tat taka, tad dahe gindin muciya da cinya, taj juya sau ukku, tuwo yak kihe yam miƙe awa an yi mai magana. Tar rage wuta da ƙahwa.

Malam Gwadabe yag gyara tabarau. "Na gani, Baba. Amma ni ba gasar tuwo aka aiko ni ba. Takarda ta ce ita wannan tana kula da sito, shi ma aikin kicin ne. Metiron ke ba da suna, ni tantancewa kawai nake yi."

"Mi ka ka tantancewa?"

"Cewa mutum yana nan da ransa, kuma ba ɗan'uwan mai ba da suna ba ne. Wannan kuwa Hajiya ta riga ta sa hannu." Yaj juya. "Ko ba haka ba, Hajiya? Babu naki a cikin ukun nan?"

"Babu nawa, Yallaɓai."

Ko ƙibta ido ba ta yi ba. Luba tas sunkuyar da kai har haɓarta na taɓa ƙirji.

Nan Hure tad dakata. Allah shina gani, ta dakata. Abin da za ta yi ba a yi ma uwa shi, ko abokiyar gaba ta. Tat tuna nata Mai-keke. Sai kuma tat tuna ranar da taz zo neman izinin zuwa asibitin ido Gusau, Hajiya tac ce ta ɗiga ruwan gishiri, ana hutu ta tahi. Kahin hutu ido ya rufe.

"Yallaɓai, ni ban yi boko ba. A karanta min sunayen nan in ji da kunnena."

Yaɗ ɗauki takarda.

"A'a, ba kai ba. Wadda tab ba da su."

"Wane irin raini na wanga?" in ji Hajiya. "Ni za ki sa karatu?"

"Sunaye ukku na ɗai. Kullum kina kiran namu kahin rana ta hito."

Malam Gwadabe yad dubi agogo. "Hajiya, karanta mata mu wuce wurin. Ina da Gummi da Anka a gabana yau."

Yam miƙa mata. Tak karanta na hwari da ƙarhi. Tak karanta na biyu. Sai tay yi tari.

"Sai ta sito."

"Ta sito ba suna ba na," in ji Hure.

"Ga ta nan tsaye, kowa na ganinta."

"Muna ganinta. Sunanta mu ka son ji."

"Tabarau na ban taho da shi ba."

"Na biyun da kinka karanta, da tabaran wa?"

Malam Gwadabe ya aje biro. Yanzu ya daina duban agogo.

"Hajiya, mene ne sunan ma'aikaciyarki?"

"Yallaɓai, shina rubuce gabanka. Akawu ya buga shi da kyau."

"Na san yana rubuce. Ke nake tambaya."

Tuwo shina ta huci. Hajiya Zulai tab buɗe baki. Haƙorin Makka yah hito. Leɓenta na ƙasa shina rawa, zuhwa tana gangarowa ta ƙarƙashin gyale tana wanke hoda. Tar rufe bakin. Tas sake buɗewa. Matar da ka tsayar da 'yan mata ɗari huɗu da tsawa guda, ga ta an ba ta suna ɗan ƙanƙane ta kasa ɗagawa.

Tsohuwa guda cikin masu sabbin riguna tac ce a hankali, "La ilaha illallahu." Ta gane. Duk macen da ta taɓa haihuwa a wurin ta gane.

"Hure, ki ji tsoron Allah," in ji Hajiya.

"Shi ni ka tsoro, shi as sa ban rantse bisa ƙarya ba. Kira ta, Hajiya. In kinka kira ta, wallahi yanzu ni ka ɗaukar gyalena in tahi, ba ki ƙara ganina."

"Ke ma uwa ta."

"Uwa ta ni. Nawa shina Gummi shina taka keke, ban ɗauko shi nib ba shi tuwon wani ba."

Sai Sahura tah hwashe da kuka. Tat taho da gudu tar riƙe gyalen Hajiya.

"Inna, ki ƙyale su! Ni ban so, na hwasa! Inna, don Allah mu tahi!"

To. Abin da uwa tak kasa, ɗiya ta gama shi.

Malam Gwadabe yac cire tabarau yas shahe su da bakin riga, yad daɗe shina shahewa.

"Hajiya, 'yarki ce?"

Yam mayar da tabarau, yas sake tambaya.

"'Yar fari?"

Hajiya Zulai tak kau da kai ga bango. Ko yanzu ba ta dubi yarinyar ba, hannunta ɗai yal lallaɓa yad dahe mata kai.

"Kin san abin da kika sa wa hannu kuwa? Wannan sai na rubuta shi a rahoto." Yaj ja biro bisa takarda, ƙiii, har anka ji. "Suna na uku ya fita."

Matan sunka sauke numfashi. Wata tad dahe kahwaɗar Hure. Luba tana share hawaye da bayan hannu tana cewa, "Alhamdu lillahi, Yaya, alhamdu lillahi." Hure kuwa tad dubi takardar nan. Tas shahe tokar hannunta ga zane, tag gyara ɗaurin ɗankwali, tam matso kusa da teburi.

"Hure Ɗanmusa, Yallaɓai. In ana son sunan uba."

"Dakata, Baba." Yaɗ ɗaga hannu. "Na faɗa miki ba ni ke zaɓa ba. Ni cirewa nake yi, ba na sawa. Har yanzu ita ce Metiron, sai an ce ba ita ba ce."

"Wagga? Wadda tay yi maka ƙarya yanzu gaban mutane?"

"Ƙa'ida ce. Ba ni na yi ta ba."

"Wace irin ƙa'ida ta ka kama mutum da hannu cikin tukunya ta ce mai shi ci gaba da rabo?"

"Baba, kada ki ɗaga mini murya. Na yi miki abin da zan iya." Yaj juya. "Hajiya, ba ni wani suna yanzu in wuce. In na tafi da gurbin a buɗe, wata makaranta za a ba."

Hajiya Zulai taz zare gyalenta daga hannun Sahura. Tah hiddo hankici tas shahe huska tsab, tas shahe wuya, tan ninke shi huɗu tam mayar cikin jaka. Rawar leɓe ta tsaya. Tab bi matan da kallo guda guda, awa mai zaɓen kaza a kasuwa. Taw wuce Hure ba ta ko tsaya ba.

Ban da Sahura, duk kicin ɗin mace guda ad da dangi Anka, kuma Hajiya ta san ko wace ta, ta san ta bakinta zance yah hito.

"Akwai wata mai ƙwazo, Yallaɓai. Shekara tara ba ta taɓa ɗaga min murya ba. Ga ƙuruciya, ga ido biyu." Tay yi murmushi. "Luba."

Luba tad dahe ƙirji. "Ni?"

"Ke. Luba Sagir. Ko ba ki so? Ɗiya shidda gare ki, maigidanki kuma tun da yah hwaɗo daga bisan rumbu bai ƙara riƙa kalme shi yi noma ba. In ba ki so ki hwaɗi, in kira wata."

"Hajiya, ai Yaya Hure ta riga ni da shekara huɗu."

"Ban tambaye ki wa ar riga wa ba. Kina so, ko ba ki so?"

"Wallahi Allah shina ganinki, Zulai," in ji Hure. Yanzu ko kiran Hajiya ba ta samu ba.

"Shina ganinmu duka. Ke kinka ce kada in sa nawa, na cire. Wagga kuma ɗiyata ta? Ga shi na kira sunanta har da na ubanta. In sake kira?"

Malam Gwadabe ya riga ya rubuta. Yab buɗe ɗan gwangwanin tawada yat tura shi bakin teburi, yaj juya takarda.

"Malama Luba, in kin yarda zo ki dangwala a nan. Da sauri, don Allah."

Hure taj juya gaba ɗaya, don sai ta juya ta ka ganin wanda ke hagunta.

"Luba."

Luba ba ta ɗago ba.

"Luba, dube ni."

"Yaya Hure..." in ji Luba. "Ɗiya shidda, Yaya."

Tas shahe babban yatsanta ga zane, tat taka gaba.